Kowa Ya Zo Ya Karɓi Kujerarsa

Ku da kuka cika min waya da "Auta, ina labarin Magatakarda?", ku gyara zama, ga shi na kawo. Sai dai wadda ta zo jin an sa rana ta yi haƙuri, domin ni kaina ban san inda maganar ta kwana ba.

Ga sababbin shigowa, ni ce autar gidanmu. Zane da sassaƙa na karanta, abin da Umma take kira wasan ƙasa mai digiri. Magatakarda kuwa shi ne mai nemana. Ni na laƙa masa sunan, saboda aikinsa a majalisar gari shi ne ya zauna gefen shugabansu ya rubuta abin da aka faɗa a taro. Manyansa sun zo sun ga Abba, an yi magana mai daɗi, tsayar da rana kawai ya rage.

Kuma shi da kansa ya jawo komai, wallahi. Wata rana da yamma ina wanke burushi ya turo min hoto: babban ɗakin taro, fararen kujerun roba a jere, babu kowa sai fanka tana juyawa. A ƙasa ya rubuta, "Ga jama'arku nan, Mai Fenti. Taron jin ra'ayi ke nan. Na rubuta babu mai ja, mun tashi." Har da 'yar fuskar dariya.

Na yi dariyar ni ma. Sai na ce, "Na gaba kan me za a yi?"

"Ƙaramin asibitin unguwarku. Za a rufe shi a mai da ginin wurin ajiyar kaya. In ba wanda ya zo ya ja, ya wuce ke nan."

Nan na daina dariya. Asibitin nan ba wani abin kallo ba ne, ɗakuna ne 'yan kaɗan da benci da rufin da ke yoyo a gefe ɗaya. Amma nan Yayata take zuwa awo, kuma cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Babban asibiti yana can ƙarshen gari, sai ka ratsa kasuwa ka hau gadar da mota ke wuni a kanta. Na tuna Yaya da kumburarrun ƙafafunta, na ji raina ya ɓaci.

Na bi gida-gida ina roƙon mutane su je taron. Jama'a, na sha kunya! Kowa ya tarbe ni da fara'a, kowa ya ce kai, abin bai yi daɗi ba, kuma kowa yana da dalilin da ba zai je ba. Ina zaune a shagon Mai Aski yana karanto min nasa dalilin, idona ya sauka kan bencinsa, wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya tun ina firamare. Na ce a raina, bencin nan ko a tsakiyar kasuwa aka ajiye shi, duk unguwa ta san mai shi.

Na ce, "Baba Mai Aski, tunda kai ba za ka je ba, ka ara min bencinka ya je."

Ya tsaya da almakashi a hannu. "Benci ya je taro?"

"Zan jera kujerun unguwa a gaban asibiti, aikin zane ne. Zan rubuta dalilinka a ƙyalle in ɗaura masa. Ba zan sa suna ba."

"In dai babu suna, ɗauki. Ke da shirmenki."

Haka na yi da kowa, kuma ban ɓoye wa kowa sharaɗin ba: kujera ba za ta dawo gida ba, mai ita ne zai zo da ƙafarsa ya karɓa a ɗakin taro ranar Asabar, ranar da za a yi taron. Suka ce to, to, kamar yadda ake ce wa yaro. Na yanka farin yadi dogo-dogo, na rubuta maganar kowa da jan fenti yadda ta fito daga bakinsa, ban gyara ko harafi ba. Na jera kujerun a filin gaban asibiti, duk suna fuskantar ƙofar, babu kowa a kansu.

Tirƙashi! Kafin rana ta yi tsaka wurin ya cika. Abin da ba su lissafa ba shi ne, a unguwarmu kujera ta fi suna tona mutum. Ga doguwar kujerar mai kanti da rubutun "Ni baƙo ne a unguwar nan," mutumin da ya aurar da 'ya'yansa duka a layinmu. Ga kujerar tela mai juyawa, "Maigidana zai je." Na ajiye ta maigidan nata a gefenta, "Matata za ta je." Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma na lura, kowa in ya iso gaban tasa sai dariyar ta ragu, ya sosa ƙeya ya wuce. Matan da ke fitowa daga awo kuwa ba su yi dariya ba, tsayawa suke su karanta a hankali, hannu a ƙugu.

'Yan makaranta suka ɗauki hoto suka watsa. Kafin kwana biyu abin ya zaga gari, har da ni a ciki, da tsohuwar rigar aikina da ɗankwali a karkace kamar wadda aka koro.

Ranar Alhamis na shigo gida na tarar da Umma a falo. Ta kashe talabijin, ta naɗe hannu, ga wayarta a kan cinya. Da na ga ta cire tabarau ta ajiye a hannun kujera, na san yau akwai shari'a.

"Zo nan, Auta."

Na durƙusa a kan kafet.

"Hajiyar su yaron nan ta kira ni. Ta ce shugabansu ya kira shi ofis, ya nuna masa hotonki, ya ce wannan ba ita ce za ka aura ba? Yaron yana gab da ƙarin girma, ke kuma kin tashi za ki yi masa ƙafar ungulu."

"Umma, asibitin fa..."

"Rufe min baki da asibiti! Ke kaɗai ce 'yar unguwa? Ina maza? Mace da maganar aurenta a gaba tana bin gidaje tana kwasar kujerun mutane kamar dillaliya! Har da tawa ta kicin kika ɗauke, kwana nawa ina girki a tsaye."

"Ke kika ba ni, Umma."

"Na ba ki ne na ɗauka zana ta za ki yi! Ban san za ki baje ni a titi ba."

Gaskiya na so in yi dariya, don ƙyallen da ke jikin 'yar kujerar Umma cewa yake, "Ina da 'ya a gaba, ba na son surutu." Na danne, na sunkuyar da kai.

Muryarta ta sauka, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. "Hajiya ta ce in kika taka ɗakin taron nan ranar Asabar, su sun janye. Ba ta yi min kwana-kwana ba. Auta, yaron nan yana sonki, ke ma kina sonsa, ni na haife ki na sani. Kada ki yi abin da za ki zo kina kuka a ɗakina."

Na ce, "Umma, in naƙuda ta kama Yaya mota tana tsaye a kan gada, a ɗakin wa za mu yi kukan?"

Sai ta mayar da tabarau ta kunna talabijin, amma na ga ba kallonsa take ba.

Washegari da la'asar ya zo, ya same ni a filin asibiti ina sake ɗaure ƙyallen da iska ta kwance. Farar riga ce a jikinsa mai guga kamar takarda, da katin aikinsa rataye a wuya, da turaren nan nasa da nake ganewa tun kafin in waiwaya. Ni kuwa doguwar riga ce ruwan toka duk ɗigon fenti, da silifas. Zuciyata ta buga, ba zan yi muku ƙarya ba. Mutumin nan in ya tsaya a gabana, rabin masifata guduwa take.

"Mai Fenti."

"Magatakarda. Ka zo kallo? Kyauta ne."

Bai yi murmushi ba. Ya zaga kujerun yana karantawa, ya tsaya a gaban bencin Mai Aski mai cewa "Zuwana ba zai canza komai ba." Ya daɗe a wurin.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Wallahi ya yi kyau. Kin isar da saƙonki, gari ya gani. Yanzu ki mayar wa mutane kayansu."

"Gobe za su karɓa."

"Ki mayar yau."

"Kai fa ka turo min hoton nan."

"Wasa nake yi da ke!"

"Ni ban ga wasa ba."

Ya shafa fuska da tafin hannu. "Ki saurare ni. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, abin da aka faɗa nake rubutawa. Ba ni na yanke hukuncin ba. Ƙannena a wuyana suke, kin sani. Hajiya kuma in ta kafe, ta kafe. Me zai sa ki jefa mu a wuta saboda mutanen da ko kujerunsu sun fi su zuciya?"

"To ai shi ya sa na fara da kujerun."

"Auta, ina sonki."

Kai, jama'a. Da ya yi min tsawa da ya fi min sauƙi. Na juya masa baya na kama wani ƙyalle ina ɗaurewa, alhali ɗaurarre ne, don kada ya ga idona. Na ce, "Ni ma haka. Amma gobe ina nan zuwa." Na ji takunsa yana nisa, ban waiwaya ba sai da ƙamshin ya ɓace.

Bayan magariba na tura masa saƙo: "Taron yana nan a babban ɗakin da safe, ko?" Na ga alamar ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya sake dainawa. Amsa ba ta zo ba. Na ɗauka fushi ne.

Asabar da sassafe na yi wanka na buɗe kwaba. Na ce yau ba za a sake ɗaukata hoto kamar korarriya ba. Na sa doguwar rigata shuɗiya mai aiki a wuya, wadda na ajiye don ranar da danginsa mata za su zo ganina, na yafa farin mayafi, na sa takalmi mai ɗan tudu. Umma ta gan ni a tsakar gida, ta kalli rigar, ta gane ta sarai. Ta ce, "Allah ya shirye ki," ta shige ɗaki.

Na yi hayar akori-kura, muka yi sawu-sawu muka sauke kujerun a harabar babban ɗakin taro. Direban ya karɓi haƙƙinsa ya tafi. Sai da na gama jerawa na lura ƙofar ɗakin da kwaɗo, tagogi a rufe, ko mota ɗaya babu. Maigadi yana zaune yana shan shayi yana kallona tun ɗazu.

Na ce, "Baba, ba a buɗe ba tukuna?"

"Wai taron asibiti? Ai an ɗauke shi daga nan tun jiya da rana. Yana sabon ginin majalisa, bayan kasuwa, a ƙaramin ɗaki na sama. Ina jin ma sun kusa farawa."

Tun jiya da rana. Ke nan lokacin da yake tsaye a gabana yana cewa yana sona, ya sani. Lokacin da yake rubutu yana gogewa, ya sani. Na zauna a kan kujerar tela, ta juya da ni rabin zagaye kamar tana min tsiya. Na ji haushi, na ji kunya, na ji kamar in cire takalmin nan in jefa wa kwaɗon.

Ga mutane kuma sun fara isowa. Sun zo fa, jama'a, sun zo! Mai kanti, tela da maigidanta suna harare-harare, Mai Aski da tawul a kafaɗa, matan awo, tsofaffi, har da waɗanda ban ari komai a wurinsu ba. Yaya ta sauko daga tasi da ƙyar tana haki. Can baya na hango Umma da babban mayafinta, fuska a ɗaure, ta zo karɓar kujerar kicin da 'yarta gaba ɗaya.

Na hau kan matakala na faɗa musu gaskiya. Na ce an sauya wurin, ba a sanar ba, kuma ba ni da motar kai kujerun can.

Sai guna-guni ya tashi. Mai kanti ya ce, "Ai dama mun faɗa miki." Ya ɗauki doguwar kujerarsa ya saɓa a kafaɗa. Wasu suka bi sahu, kowa yana laluben tasa. Ina tsaye ina kallon aikina yana watsewa kujera-kujera, kuma ba ni da bakin hana kowa, don alƙawarin da na yi ke nan.

Mai Aski ne kawai bai taɓa bencinsa ba. Ya tsaya yana kallon ƙyallen, ya juyo wurin maigadi.

"Malam, tsaya in gane. Shekara da shekaru a nan ake taron nan?"

"A nan."

"Ba a taɓa ɗauke shi ba?"

"Ban taɓa gani ba."

"Sai da aka ji za mu zo?"

Maigadi ya kurɓi shayinsa ya kalli gefe.

Mai Aski ya buga tawul a cinya. "Kai! Ashe gudunmu ake yi! Ni ina zaune ina cewa zuwana ba komai ba ne, ashe har ɗakin taro ake ɗaukewa saboda ni!" Ya fizge ƙyallen ya cusa a aljihu, ya ɗaga bencin ya ɗora a ka. "Bayan kasuwa ko? Ƙafata ba ta karye ba."

Tela ta kalli maigidanta. "To, kai za ka je ko ni?"

"Mu je dai, kin ishe ni."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Mai kanti, da ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya yi tsaki, ya juya ya bi bayan Mai Aski. Muka fito titi a jere, kowa da kujerarsa a ka ko a kafaɗa, ƙyallaye suna kaɗawa. Muka ratsa kasuwa ta layin masu kwanuka. 'Yan kasuwa suka fito suna tambaya ko gobara aka yi, aka ce musu a'a, taro za mu, wasu suka ja nasu kujerun suka shigo layi. Ni na ɗauki ta Yaya, tsohuwar kujerar katako mai hannu, mai nauyin tsiya. Yaya tana gefena tana takawa a hankali, Umma ta riƙe mata hannu, 'yar kujerar kicin a ɗaya hannun. Ko kallona Umma ba ta yi ba, amma ba ta juya gida ba.

Takalmin nan mai tudu ya ci min dunduniya, zufa ta jiƙa rigar da na yi wa tanadi, mayafina ya zame ya maƙale a hannun kujera. Ban tsaya gyarawa ba.

Sabon ginin majalisa duk gilashi ne da tayil mai santsi. Muka hau bene, ƙafafun kujeru suna bugun bango, ƙarar ta cika wurin. A ƙarshen baranda ga ƙofar ƙaramin ɗakin a buɗe rabi. Ta cikinta na hango dogon tebur, da robobin ruwa, da shugaban majalisa yana duba agogo.

A bakin ƙofar kuwa, shi ne a tsaye.

Farar riga, katin aiki, alƙalami a aljihu. Da alama turo shi aka yi ya ga hayaniyar mece ce. Ya ga Mai Aski da benci a ka, ya ga layin mutane har ƙasan bene, sannan ya gan ni. Mutane suka dare suka ba ni hanya, don duk unguwa ta san tsakaninmu. Na isa gabansa, kujerar a rungume a ƙirjina.

Ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. "Auta, don girman Allah."

"Ka sani tun jiya."

Ya kasa haɗa ido da ni. "An hana ni faɗa."

"Na gane."

"In kika tsallaka ƙofar nan, Hajiya za ta ji kafin ki zauna. Kin san abin da ta ce. Ba zan iya gyara shi ba, wallahi ba zan iya ba." Idonsa ya yi ja. "Ki ba wani kujerar ya shiga da ita. Su shiga duka, ban hana ba. Ke kawai ki tsaya a nan waje. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Ku ji fa, hanya ce mai sauƙi ya ba ni, kuma na so ta, Allah ya sani na so ta. Taku ɗaya baya, in samu asibiti in samu miji. Na waiwaya. Mai kanti ya riga ya sauke kujerarsa ƙasa yana kallona. Tela tana kallona. Duk wanda na ɗaura wa dalilinsa a kujera ya tsaya yana jira ya ji nawa dalilin. Na san in na tsaya a waje, rabinsu a waje za su tsaya, kuma da gaskiyarsu.

Daga ciki shugaban ya ɗaga murya. "Magatakarda! Rufe ƙofar nan mu fara."

Umma ta kira ni daga baya, a hankali, "Auta." Ban gane ko ja da baya take nufi ko ci gaba ba, kuma ban tambaya ba.

Na gyara riƙon kujerar, na dube shi sosai, mutumin da nake so tun ban san me zan yi da rayuwata ba. Hawaye suna zubo min, ba ni da hannun sharewa.

Na ce, "Matsa min, Magatakarda. Kujerar nan da nauyi."

Na ɗaga ƙafa na taka dokin ƙofar. Bai matsa ba. Sai ya saki marfin ƙofar, ya miƙo hannu biyu ya kama ƙafafun kujerar ta gaba, ya riƙe gam. Ni ban saki ba, shi bai saki ba, shugabansu ya miƙe tsaye, unguwa guda tana numfashi a bayana. Na ji kujerar ta fara motsi a hannunmu, kuma wallahi a wannan lokacin ban san ko ƙwace ta zai yi, ko ciki zai ja ta da ni ba.